Likkafanin Mma Lauratu da Sakataren Waya

Akwai wata mai girkin biki a Nima, sunanta Samiratu. In kana Accra, ka taɓa cin waakye, wato shinkafa da wake irin na Accra, a wajen awure ko suna har ka tambayi wanda ya dafa, to da wuya in ba hannunta ba ne. Mace ce mai zafin nama, ga baki kuma, ba a kayar da ita a magana. Tukwane goma sha biyu gare ta da mata shida masu taya ta aiki, wayarta kuwa ba ta yin shiru ko na minti ɗaya.

Amma fa ba da tukwanen aka haife ta ba. Tana 'yar shekara goma sha huɗu mahaifiyarta ta rasu, sai wata mai abinci a Maamobi ta ɗauke ta ta riƙe. Mma Lauratu kenan, mutuniyar Maraɗi da ta zo Accra tun tana amarya. Ita ta koya wa Samiratu yadda ake wanke karan dawa kafin a jefa shi cikin wake, da yawan kanwar da ake sawa, da yadda ake gane shinkafa ta nuna daga ƙamshi kawai, ba sai an buɗe tukunya ba. Da lokaci ya yi, ita ta aurar da ita, ta kuma ba ta tukunyarta ta farko.

Shekarar da Mma Lauratu ta dawo daga aikin Hajji, ta kira Samiratu ɗaki ta tura ƙofa. Ta ciro wani farin yadi daga akwati, a naɗe cikin leda.

"Kin san mene ne wannan?"

"Mma, don Allah kar ki fara."

"Likkafanina ne. A Makka na saye shi, na jiƙa shi da zamzam, na shanya da hannuna. Ina da ɗiya ta cikina, ga Nasiha nan, amma zuciyarta ba ƙarfi, ko kaza aka yanka sai ta kau da kai. Ke za ki ajiye shi. Ranar da Allah ya karɓi abinsa, ke za ki yi mini wanka, ke za ki suturta ni. Kin ɗauka?"

Samiratu ta yi kuka, ta ce ta ɗauka. Duk wanda ya san Zongo ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tsohuwa ba ta ba kowa irin wannan amana sai wadda ta yarda ta ga jikinta ranar da ba ta iya rufe kanta. Samiratu ta kai yadin gida, ta sa shi can ƙasan akwatinta.

Shekaru suka wuce, kasuwa ta buɗe. Zuwa Maamobi da take yi kullum ya koma na Juma'a, na Juma'a ya koma na Sallah. Nima da Maamobi fa, jama'a! Tafiyar da ko trotro, motar haya, ba ta buƙata.

Wata rana saƙonni suka ishe ta, ta kwashi wayar ta je shagon Mujeeb, ɗan baffanta da ke gyaran waya a bakin babban titi. Ta dire masa ita kan tebur.

"Abin nan zai kashe ni. Wannan na tambayar ko ina da fili ranar Asabar, wancan na son a ƙara ƙwai, ni ga wuta a gabana. Nemo mini dabara."

Mujeeb ya ce akwai mataimaki na AI da ake haɗawa da WhatsApp ɗin mutum. Yana karanta saƙo, yana sauraron na murya, ya amsa a rubuce da sunan mai wayar.

"Amma Sista, ki sayi sabon layi na kasuwa, mu haɗa shi a can. Wannan na gida ki bar shi a hannunki."

"Wane sabon layi? Lambar nan shekararta goma sha biyar. Daga Tudu har Madina, duk faɗin Accra an haddace ta."

"To aƙalla mu ware mutanen gida, kar ya riƙa amsa musu."

"Cale, ɗan uwana, ba ni da lokacin tsintar wake. Haɗa duka!"

Ya girgiza kai, ya haɗa. Da aka gama, mataimakin ya yi mata 'yan tambayoyi a rubuce don ya san yadda zai riƙa amsawa. Ɗaya daga ciki ita ce: idan an gayyace ta wani wuri, me zai ce?

Samiratu ta kwashe da dariya. "Wannan baƙo ne a Zongo! A nan ba a ce wa mutum ba za a zo ba. Rubuta masa, kowa ya kira ni, ya ce masa in sha Allahu ina nan zuwa."

Mataimakin ya kuma ce duk yamma zai turo mata taƙaitaccen bayanin waɗanda suka neme ta. Ta ce to, ta jefa wayar cikin jaka. Tun daga ranar take kiran sa Sakatare.

Kar mu yi saurin zagin ta, don dukanmu muna yi. Mutum zai kira ka suna a Ashaiman, ka san ba za ka je ba, ka ce in sha Allahu. Sai dai kai ka san wanda ka faɗa wa don kara, ka san wanda ka faɗa wa da gaske. Sakatare bai san wannan bambancin ba, kuma ba wanda ya gaya masa.

Aiki ya yi kyau, ba ƙarya. Masu biki suna samun amsa nan take, Samiratu tana barci isasshe, har ƙiba ta yi.

A can Maamobi kuwa, Mma Lauratu ba ta iya karatun boko ba. Saƙon murya take turawa, in amsa ta zo Nasiha ta karanta mata. Da, sai ta kwana uku kafin ta ji "Mma, ina aiki, zan kira ki." Yanzu kafin ta ajiye waya amsa ta iso, ga gaisuwa, ga addu'a, ga ladabi.

Nasiha ta ce, "Mma, Yaya Samiratu ko Kano ta je karatu? Hausarta ta gyaru fa."

Tsohuwa ta yi murmushi. "Girma ne ya zo mata. Na gaya miki yarinyar nan ba ta manta ni ba."

Shi kenan ta samu abokiyar hira. Kusan kullum da hantsi sai ta tura saƙo, ta ba da labarin ƙafarta da ta fara kumbura, da abin da ta gani a mafarki, da wanda ya haihu a gida. Ranar nan ta ce, "Ɗiyata, ki zo ran Juma'a, ina son ganin ki."

Amsa ta zo: "In sha Allahu ina nan zuwa, Hajiya."

Ran Juma'a ta sa Nasiha ta tuƙa tuwo da miyar ayoyo, wanda Samiratu ta fi so. Ta yi wanka, ta ɗaura sabon ɗankwali, aka fito mata da kujera bakin ƙofa. La'asar ta yi, magariba ta yi, shiru. Aka raba wa maƙwabta tuwon.

Juma'a ta biyu ma haka. Ta uku ma haka, kuma kowane mako amsar ɗaya ce, in sha Allahu ina nan zuwa.

Kun san abin da ya fi ba ni tausayi? Tsohuwar nan ba ta yi fushi ba. Tsoro ne ya kama ta. Ta ce wa Nasiha, "Samiratu ba ta yi mini ƙarya. Sau uku ta ce za ta zo ba ta zo ba, to ba ta da lafiya, ɓoye mini take yi. Nemo tasi."

"Mma, da wannan ƙafar?"

"Na ce nemo tasi!"

Tasi ba ya shiga lungun su Samiratu. Daga bakin titi tsohuwa ta tako da sanda, tana tsallake kwata, Nasiha na riƙe da ita. Da suka isa ƙofar gidan numfashinta ya kusa ƙarewa, ta zauna kan benci ta huta. Ta danna waya ta ce, "Ɗiyata, ga ni a ƙofar gidanki. Lafiya kike?" Sannan ta miƙe suka shiga.

Ga Samiratu nan a tsakar gida, garau da ita, hannu biyu a kan muciya tana juya wata ƙatuwar tukunya, tana yi wa mata faɗa a kan albasa. Wayarta na can nesa a kan taga.

Sai wayar Mma ta yi ƙara a hannun Nasiha. Ta duba, ta dubi Samiratu, ta sake dubawa.

"Karanta," in ji Mma.

Nasiha ta karanta a hankali: "Lafiya lau nake, Hajiya, na gode. In sha Allahu ina nan zuwa."

Mma Lauratu ta kalli hannayen Samiratu biyu a kan muciya, ta kalli wayar da ke kan taga.

"Wa ya amsa mini?"

Da Samiratu ta durƙusa a nan take, da wataƙila labarin ya ƙare a nan. Amma ina! Ga ma'aikatanta na kallo, sai ta yi wata 'yar dariya.

"Haba Mma, Sakatarena ne, na'ura ce a cikin waya. Zamani ne fa. Kowa ma shi ke amsa masa, ba ke kaɗai ba."

"Ba ni kaɗai ba," in ji tsohuwa. Ta maimaita shi a hankali. "Tun yaushe?"

"Wata biyu haka."

"Wata biyu ina hira da ƙarfe. Na gaya masa ciwona. Na gaya masa na yi mafarkin mijina. Na tuƙa masa tuwo sau uku." Ta gyara riƙon sandarta. "Shiga ki ɗauko mini kayana."

"Wane kaya, Mma?"

"Kin san shi. Wadda ba ta da lokacin jin muryata ina da rai, ba za ta samu lokacin wanke ni ba in na mutu. Kar ranar ta zo a turo miki saƙo, ƙarfe ya ce yana nan zuwa, a bar gawata tana jira."

Nan dariyar ta mutu. Samiratu ta roƙa, matan suka roƙa, har da mai gidan da ya fito daga ɗaki. Tsohuwa hannu kawai ta miƙa. Dole Samiratu ta shiga ta ciro farin yadin daga ƙasan akwati. Mma ta karɓa ta rungume shi, ta juya ta fita da sandarta, ko ruwa ba ta sha ba.

Ranar ce karo na farko da waakyen Samiratu ya kama a gindin tukunya.

Da gari ya waye ta isa shagon Mujeeb tun bai gama buɗewa ba, ido jawur.

"Cire mini shaiɗanin nan, ko in fasa wayar a ƙasa! Ya raba ni da uwata."

Mujeeb bai yi gardama ba. Ya karɓi wayar ya buɗe wurin da Sakatare ke ajiye bayanin yamma. Sun fi hamsin, ko ɗaya ba a taɓa buɗewa ba. Ya karanta mata ɗaya: "Hajiya Lauratu ta sake neman ki zo. Ta ce ƙafarta ta kumbura. Na amsa yadda kika umarta, amma ya kamata ki kira ta da kanki." Ya gangara ya karanta wani, kusan maganar ɗaya. Ya karanta na uku.

"Sista, ni ba zan ɓoye miki ba. Abin da kika ce ya faɗa, shi ya faɗa. Ya kuma yi ta kiran ki, ke ce ba ki duba ba."

Samiratu ta zauna kan kujerar masu jira, ta ce, "Kawo sabon layin. Mayar da shi can, kuma duk wanda ya rubuto ya fara gaya masa cewa na'ura ce, ba ni ba ce. Maganar ina nan zuwa, goge ta. Wannan layin nawa kuwa, daga yau bakina ne kawai zai amsa shi."

Ta koma gida ta kulle ɗaki, ta fara sauraron saƙonnin Mma daga na farko. Talatin da takwas ne. A wani tana dariya, a wani tana tari. Akwai wanda ba komai a ciki sai numfashi, sannan ta ce, "Ba komai, ɗiyata. Rubutun nan naki yana da kyau, amma muryarki nake so in ji." A nan Samiratu ta kifa kai a kan katifa ta yi kukan da ba ta yi ba tun rasuwar mahaifiyarta.

Da ta tashi ta wanke fuska, ta riga ta yanke shawara. Saƙo talatin da takwas aka yi mata, ba ta amsa ko ɗaya ba. To za ta amsa su duka, ɗaya bayan ɗaya, da ƙafarta da bakinta. Sai dai in mutuwa ce ta riga ta.

Washegari bayan sallar asuba ta sayi koko da ƙosai, ta taka zuwa Maamobi. Nasiha ta fito ta tsaya bakin ƙofa, duk kunya ta ishe ta.

"Yaya, Mma ta ce ki koma. Wai ki turo Sakataren, shi ya saba gaishe ta."

Maganar ta yi zafi, amma Samiratu ta haɗiye. Ta zagaya wajen tagar ɗakin, ta durƙusa a ƙasa inda labule ke kaɗawa.

"Mma, ina kwana. Saƙonki na farko, kin tambaye ni yaya jikin maigidana da aiki. Yana lafiya, aiki kuma alhamdu lillahi. Na zo in amsa. Gobe zan kawo amsar na biyu."

Shiru. Ta ajiye kokon ta tafi. Da rana aka aiko mata da kwanon, ba a taɓa ba.

Ta dawo gobe. Ta dawo jibi.

"Mma, a na huɗu kin ce ƙafarki ta hana ki sallah a tsaye. Sannu, Mma. Allah ya sa kaffara ne."

"Mma, a na shida kin tuna mini ranar da na ƙona shinkafa na ɓoye tukunyar bayan randa. Wallahi na tuna. Har yau kunnena na tuna da hannunki."

Gidan haya ne na mutane da yawa, kun san yadda yake. Kafin mako ya cika, matan gida sun fara fitowa da tsintsiya daidai lokacin, kowa na sharar da ba ta ƙarewa. Wata har ta ce, yadda za a ji, "Madam mai tukwane goma sha biyu ce a ƙasa haka? Ikon Allah!" Samiratu da ba a gaya mata magana ta kwana, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Rana ta goma sha ɗaya aka tashi da ruwan sama irin na Accra, wanda ke cika kwata har ta hau kan hanya. Maigidanta ya ce ta bari ya tsagaita. Ta ce Mma da kumburarriyar ƙafa ta tsallake kwatocin nan ta zo neman ta, ita da lafiyayyun ƙafafu ba ta da bakin magana. Ta tattare zani ta shiga ruwan. Ta iso tagar sharkaf, haƙora na kaɗawa, ta amsa saƙo na goma sha ɗaya. Ranar ma ba a ce mata komai ba. Amma kwanon koko ya dawo a wanke.

Ran Asabar ɗin da ta biyo akwai babban awure a Adabraka, uwar amarya ta ce lallai tun asuba take son ganin Samiratu a kan tukunya, in ba haka ba ta ba wata aikin. Samiratu ta ce mata, "Hajiya, matana za su fara, ni zan iso ƙarfe takwas. In bai yi miki ba, ki ba wata, ba zan riƙe ki ba." Matar ta ba wata. Samiratu ta sayi kokonta ta nufi Maamobi.

Rana ta goma sha tara ce abin ya fashe. Ta durƙusa ta ce, "Mma, a wannan kin tambaye ni ko har yanzu ina jiƙa kanwa tun yamma kamar yadda kika koya mini." Ƙarya ta zo mata baki, ta mayar da ita. "Gaskiya na daina, Mma. Hodar kanti nake sawa, ta fi sauri."

Labule ya yaye fuu!

"Hodar me? Hodar kanti a cikin waakye? Ke Samiratu! Shi ya sa wanda aka kawo mini daga sunan gidan Iddrisu ya yi ɗanɗanon sabulu, na ce ba dai hannun ɗiyata ba ne! Ashe ke ce! Haka na koya miki?"

Matan gida suka tuntsire da dariya. Samiratu tana dariya tana kuka a lokaci ɗaya, don kwana ashirin kenan rabon ta da muryar nan. Tsohuwa ta gane ta yi magana, ta tsuke baki, ta harare ta.

"Tashi daga ƙasa, ki zagayo ta ƙofa kamar mutum. Kin sa gida duk ya zama gidan kallo."

Tun daga ranar a cikin ɗaki ake amsa saƙo. Samiratu ta ga yadda ƙafafun suka kumbura. Ita ta kai ta asibiti, ita ke tuna mata magani, ita ke shafa mata man kaɗanya kowace safiya. Amma farin yadin yana nan a saman akwati cikin ledarsa, inda duk wanda ya shigo zai gan shi. Mma ba ta ambace shi ba. Samiratu ma ba ta tambaya ba, duk da kullum sai idonta ya kai wurin.

Wata safiya Nasiha ta raka ta bakin ƙofa ta ce, "Yaya, ai ta huce. Ki roƙe ta ta mayar miki mana."

"A'a. Saura saƙo tara. Ban gama amsawa ba."

Rana ta talatin da takwas ta zo. Samiratu ta gama shafa man, ta goge hannu, ta durƙusa gaban gado.

"Mma, saura na ƙarshe. Kin ce, ɗiyata, ga ni a ƙofar gidanki, lafiya kike?" Ta ci gaba. "Ban da lafiya a lokacin, Mma. Girman kai ne ya kama ni, ban sani ba. Kin zo ƙofata da ciwo, na yi miki dariya a gaban mutane. Ki yafe mini. Ba zan ce ina nan zuwa ba. Ga ni."

Tsohuwa ta kalle ta. Sannan ta nuna saman akwati da haɓa.

"Ɗauki kayanki. Kwana nawa yana tsaye mini a ido, ya hana ni sakewa. Na yafe miki duniya da lahira. Kuma gobe ki zo mini da waakye na kanwa in ɗanɗana, kar ki kuskura ki kawo mini na sabulu."

Samiratu ta ɗauki ledar da hannu biyu, ta rungume ta kamar jariri.

Saƙonni sun ƙare, amma zuwa bai ƙare ba. Sakatare na can a layin kasuwa yana aikinsa lafiya lau, yana gaya wa masu biki ranakun da ke akwai, duk yamma kuma Samiratu na zama ta karanta bayaninsa tas. Ita kuwa kowace safiya tana Maamobi.

Wata huɗu bayan haka, wata Alhamis da hantsi, tana cikin shafa man kaɗanya Mma ta ce ta ɗan ɗaga mata kai. Ta ɗaga, ta jingina ta da ƙirjinta. Ta ga yadda numfashin ya sauya, ta fara karanta mata kalmar shahada a kunne, tsohuwa na bi a hankali. A haka Allah ya karɓi abinsa.

Nasiha ta ruɗe, tana kuka ta rarumi waya don ta sanar da mutane. Ta danna lambar da ta fara zuwa mata a rai. Sai ta ji wayar tana ƙara a cikin ɗakin, a jakar Samiratu da ke gefen gado. Ta ɗago kai. Samiratu ta riga ta rufe wa Mma ido, ta ja mata mayafi, tana naɗe hannun riga.

"Ajiye wayar, Nasiha, ina nan. Je ki ɗora ruwa. Ki ce wa maigidana ya kawo ledar da ke ƙasan akwatina."

Ita ta yi mata wanka, ita ta suturta ta da yadin Makka. Kafin azahar an gama komai, gawar Mma Lauratu ba ta jira kowa ba.

Darasi: Na'ura tana iya ɗauke maka wahalar kasuwa, kuma ba laifi ka more ta. Amma gaisuwar iyaye, da alkawari, da amana, bakinka da ƙafarka suke so, ba a wakilta su. Kafin ka haɗa wayarka da kowane mataimaki, ka ware mutanen da muryarka suke jira, kar kuma ka koya masa faɗin abin da ba za ka cika ba. In ka riga ka ɓata, kar girman kai ya zaunar da kai, tashi ka je ka durƙusa tun mai yafewar yana numfashi. Samiratu ta samu kwana talatin da takwas, ba kowa ake ba ba. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari su karanta, amma kafin ka tura, duba wayarka: saƙon wace tsohuwa ne ke can bai samu muryarka ba? Kira ta yanzu.